Ragar Dutse a Benen Matan Sarki

Wanda ya kashe Hashmat Ali butulu ne. A kwanon tsohon ya girma.

Da azahar aka tsinci gawar a gindin matakalar benen matan sarki, cikin tsohuwar fadar jan dutse da ke wajen Agra, inda tsohon ya ƙare rayuwarsa yana gadi. Zafi ya kori baƙi. Da Sufeto Raghuvir Tomar ya iso, ba mai kuka a wurin sai tattabaru.

Ya hau benen shi kaɗai. Gefen da ke kallon tsakar fada dutse ne da aka huhhuda kamar raga. A bangon marmara ya tarar an ƙwaƙule jajayen duwatsun da aka yi furanni da su, ramukan sababbi.

Ya sa aka kira Nafis, ɗan ƙanwar mamacin, mai zagayawa da baƙi.

"Ina kake lokacin?"

"Nan tsakar fada, Yallaɓai. Na hango Kawu ta ragar dutsen can, shi kaɗai, yana tangaɗi. Na sha ce masa ya bar hawa, amma kunnen ƙashi gare shi."

"Ta ragar ka hango shi?"

"Har hularsa."

"Lallai shaho ya san da zamanka. Tsaya inda ka tsaya ɗazu."

Sufeto ya tura Saje Bhola sama, bayan ragar.

"To, me Saje yake yi?"

Nafis ya kanne ido. Rana na dukan dutsen, kowane huji baƙi ƙirin.

"A tsaye yake."

"A zaune nake, Yallaɓai!" in ji Saje daga sama. "Gyaɗa ma nake ɓarewa."

"An sassaƙa ragar nan don matan sarki su ga waje, na waje kada ya gan su," in ji Sufeto. "Kullum kana gaya wa baƙi haka. In ka ga hularsa, a ciki ka ganta."

A kwanon abincin Nafis aka sami duwatsun, ƙarƙashin gurasa.

"Kama ni ya yi ina cirewa," in ji Nafis. "Wai da hannunsa zai kai ni ofis. Ture shi kawai na yi."

"Wuce mu je."

Washegari liman da masu haƙar kabari ne kaɗai suka bi gawar. Sufeto, da ba addininsu ɗaya ba, ya tsaya a bakin maƙabarta har aka gama.

Kotu ta yanke wa Nafis ɗaurin rai-da-rai.