Kalmar Sirrin Sakinatu

Ranar da Ja'afaru ya fara ganin Sakinatu, jini ne cike da bakinsa.

A shekarar 1997 ne jami'arsu ta turo 'yan ajin ƙarshe zuwa tashar bincikenta da ke bakin kogin Haɗeja, su auna ruwa da fadama, su rubuta kundin kammala karatu. 'Yan kwamfutocin da ke tashar ba su cika yatsun hannu biyu ba, an haɗa su da waya zuwa wata babba da ake ce wa uwa, ita ke riƙe da aikin kowa. Ɗalibai kuwa ga su nan birjik. Saboda haka kullum da safe ƙofar ɗakin nan filin dambe take komawa.

Inuwa, shugaban ɗalibai, ba ya bin layi. Da Ja'afaru ya ce masa ya koma baya, amsar da ya samu naushi ne a leɓe. Shi kuma ɗan masunta ne daga Guri, hannunsa ya saba da jan taru, bai tsaya shawara ba ya rama. Suka kacame har aka karya benci kafin a raba su.

Yana tsaye yana haki sai ya ji wata murya a gefensa.

"Malam, ka ɗan matsa mana, kana ɗiga mini jini a takarda."

Ya waiwaya a fusace, sai fushin ya rasa wurin zama. Baƙa ce siririya, da tabarau, tana ƙoƙarin danne dariya. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, kumburarren leɓen ya ƙi ba shi haɗin kai, ita kuwa dariyar ta ƙwace mata.

Ana cikin haka mai kula da ɗakin ya fito, Malam Fannami, dattijon da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba sai in yana asuwaki. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku saurara, ba na maimaita magana. Na'urar nan ta karatu ce, ba ta zance ba. Kalmar sirrinka wuyanka ce, duk abin da aka aikata da sunanka kai ka aikata, don haka ko uwarka kada ka faɗa wa. Faifan da ba ni na duba shi ba kuwa, kada ya shigo mini ɗaki ko a aljihu."

Sai daga baya Ja'afaru ya ji cewa mai tabarau ɗin nan 'yar ajinsu ce da ba ta cika shiga mutane ba, kuma 'yar Malam Fannami ce ta cikinsa. Mai hankali da ya ja da baya. Shi kuwa ranar ce ma ya fara tambayar yadda ake aika saƙo daga wannan kwamfuta zuwa waccan.

Ya sa mata suna Kirinjijiya, don ya ce dariyarta irin fiton ƙananan agwagin fadama ce. Ita kuma ta ce da shi Masunci.

"Kirinjijiya, jiya na hango ki kin nutse a laka har gwiwa kina auna ruwa. Da kin kira ni da na ɗauke ki a kwalekwale har Guri."

"Masunci, leɓen ya warke ne har ka samu bakin magana? Baba dai ya ce na'urar nan ba ta zance ba ce."

"To ki daina amsawa mana."

"Na gwada. Ya ƙi yiwuwa."

Ja'afaru ya karanta wannan layi na ƙarshe har ya haddace shi. Son ta ya kama shi kamun da bai taɓa sani ba, ko tuwo ya sa a gaba sai ya tsinci kansa yana murmushi shi kaɗai.

Amma Inuwa ma ya daɗe yana zarya a kan Sakinatu ba ta ko ɗaga kai ta dube shi. Wata rana ya leƙa ta bayan Ja'afaru ya karance saƙon tas, ya kai wa Malam Fannami da zafinsa. Malam bai yi hayaniya ba. Ya rufe sunan Ja'afaru a na'ura har sai ya ga dama, ya kuma ce da 'yarsa a gaban mutane, "Wanda ba ya jin doka a ɗakina ba zai taka mini zaure ba."

Ga lokacin miƙa kundi ya ƙarato, ga aikin Ja'afaru kulle a cikin uwa. Da yamma suka haɗu a bakin kogi, ta same shi ya yi tagumi.

"Zan ba ka kalmar sirrina," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Sakina, kin ji abin da Baba ya ce."

"Na ji. Ni dai ba zan iya ganin wahalarka ta shekara huɗu ta bi ruwa ba. Don aikinka kawai, Masunci. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata alkawari, ta raɗa masa kalmar. Ya ji kamar zuciyarta ta ciro ta damƙa masa.

Da ya tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma wani abokinsa mai shagon buga takardu a cikin gari ya nuna masa wani faifai: ana saka shi sai furanni su yi ta buɗewa a allon kwamfuta, sunan wanda kake so ya bayyana a tsakiya. Ja'afaru ya hango fuskarta in ta zauna da safe ta ga sunanta cikin furanni, sai duk wani kashedi ya fice masa daga ka. Da azahar, Malam ya fita alwala, ya shiga da sunanta ya zura faifan. Furannin suka buɗe kuwa, gwanin sha'awa. Ya zare faifan ya sa a aljihu ya fita yana jin kansa gwani.

Kafin la'asar cutar kwamfuta da ke ɓoye cikin faifan ta bi waya ta shiga uwa. Mai buɗe aikinsa sai ya tarar da shara, wani kuma wayam. A kwamfutar da abin ya faro, sunan wadda ta shiga a ƙarshe yana nan ɓaro-ɓaro: Sakinatu Fannami.

Wanda bai taɓa ganin ɗalibin da aikinsa na shekara ya salwanta ba, bai san fushi ba. Wata ta zube ƙasa tana birgima. Inuwa ya hau kan tebur yana cewa uba da 'ya ne suka haɗa baki, mu an hana mu, ita an bar ta tana wasa da rayuwarmu. Dutse na farko ya tarwatsa gilashin taga. Malam Fannami ya fizgo 'yarsa ciki ya danna sakata, ɗalibai suka ɗauko benci suna dukan ƙofar da shi, kowane bugu sai ginin ya amsa. Wani ya ruga ɗakin janareto ya dawo da jarkar fetur.

Ja'afaru yana tsaye a gindin tsamiya, faifan na aljihunsa. Tsoro ne ya kama shi, tsoro tsagwaronsa. Ba wanda ya san shi ne sai ita. Ya juya ya nufi ƙofar fita, yana gaya wa kansa ai 'yan sanda zai kira, alhali ya san tashar mota ƙafarsa ta dosa.

Ya kusa fita sai ya ji muryarta ta tagar da ta fashe.

"Ni ce na yi. Babana bai san komai ba. Ni kaɗai ce, ku ƙyale shi."

Ba ta ambaci sunansa ba. Kunya ta rufe shi har ya ji ya tsani kansa. Ya juyo da gudu, ya kutsa cikin taron, ya tsaya a jikin ƙofar ɗakin ya ɗaga faifan sama.

"Ga abin da ya cinye muku aiki. Ni na saka shi, da sunanta na shiga. Ba ta sani ba."

Nan take suka rufe shi da duka. Wani ya sheme shi da ƙafar benci a ƙeya, ya faɗi, takalma suka yi ta sauka a haƙarƙarinsa. Ya ji haƙori ya fita, ya ji ƙasa da jini a harshensa. Inuwa ya zo da filafilin kwalekwalen tashar, ya take masa hannun dama.

"Da wannan ka saka, ko?"

Ya sauke filafilin da iya ƙarfinsa. Ƙarar ƙashin har waɗanda ke baya sun ji ta. Ya ɗaga zai ƙara, sai ƙofa ta buɗe, Sakinatu ta faɗo kan Ja'afaru ta rufe shi da jikinta, bakin filafilin ya tsaga mata goshi. Ganin jini na bin tabaranta ne ya sa hannuwa suka yi sanyi. Masuntan da ke gyaran taru a bakin ruwa suka hauro da gorori suka tarwatsa sauran.

A asibiti ya farfaɗo. Tana zaune a gefen gado, goshinta da ɗinki, ba ta dubansa.

"Kirinjijiya."

"Kada ka kira ni da sunan nan. Don aikinka na ba ka. Da fetur suka zo wa babana, Ja'afaru."

"Furanni na so ki gani," ya ce, hawaye na bin kuncinsa. "Wallahi furanni ne kawai, da sunanki a tsakiya."

"Ai kuwa kowa ya ga sunana." Ta miƙe za ta tafi, ta tsaya a ƙofa. "Na yi fushi da kai, kuma zan daɗe ina yi. Amma da ka mutu a wurin nan ban san inda zan sa kaina ba."

Kwamitin ladabtarwa ya zauna. Aka kori Inuwa da mai jarkar fetur. Sakinatu ta sha gargaɗi mai tsanani saboda bayar da kalmar sirri, har Malam Fannami sai da ya amsa tambayoyi kan barin ɗaki a buɗe. Ja'afaru kuwa aka dakatar da shi shekara guda, aka haramta masa taɓa kwamfutar jami'a. Yatsunsa biyu na dama suka warke a sandare, ba su ƙara lanƙwasuwa ba.

Bai koma Guri ba. Jami'a ta ƙara wa 'yan ajin lokaci, shi kuma ya aro tsohuwar tafireta ya kafa tebur a gindin tsamiyar nan. Duk mai sauran rubutun hannu ya kawo, ya buga masa da hannun hagu, harafi bayan harafi. Waɗansu da zagi suke miƙo takardun, wani har tofa masa yawu ya yi. Ya share ya ci gaba. Da aka kwana biyu sai ga Sakinatu ta jawo kujera ta zauna tana karanta masa yana bugawa, fuskarta a ɗaure.

"Ka tsallake layi, Masunci," ta ce wata rana, ba tare da ta lura da sunan da ta kira ba. Shi ya lura, har ya buga kalma ɗaya sau biyu.

Sau biyu manyansa na zuwa daga Guri neman aure, Malam Fannami na sallamar su daga bakin zaure. Sai bayan da kundi na ƙarshe ya tafi Malam ya aika a kira masa Ja'afaru. Ya zo ya durƙusa nesa da tabarma.

"Ka san abin da ya sa na ƙi ka?"

"Na karya doka, Baba."

"Doka kam ka karya, ka kuma biya da hannunka. Abin da ya ƙona mini rai, ka ɓuya a bayan sunan 'yata." Malam ya gyara zama. "Ranar nan ina kallon ka ta taga. Na ga ka juya ka nufi ƙofa, na ce a raina shi ke nan, yau za a ƙone mu saboda matsoraci."

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. "Gudu na yi niyya, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"Na sani. Ni ma da ƙafata na waje ban san abin da zan yi ba. Amma na ga ka dawo, kuma ka san abin da ke jiran ka." Ya dubi sandararrun yatsun. "Ka ce wa mutanenka su dawo."

Bayan ruwa ya janye daga fadama aka ɗaura aure a Haɗeja. Mutanen Guri suka zo da kwandunan bandar kifi, 'yan ajinsu ma suka cika layi, har da waɗanda suka taka shi, suna sunne kai suna miƙa hannu. Da aka shafa fatiha Malam Fannami ya kamo hannun angon, na daman, ya riƙe shi a hankali.

"Da can a ɓoye ka karɓi amanarta. Yau ga ta na ba ka a gaban jama'a. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana fiye da ku."

Jama'a suka amsa da amin cikin dariya. Ja'afaru bai iya dariyar ba, kuka ne ya ci ƙarfinsa.

Da aka kai amarya, ta ɗaga mayafi, tabon goshinta ya fito fili. Ya kai yatsunsa ya shafa shi.

"Har yanzu kina fushin?"

"Saura kaɗan," ta ce, ta riƙe hannun ba ta sake shi ba. "Ka zauna kusa, zai wuce."