Amaryar Cikin Gareji

Auta tana durƙushe tana goge fitilar mota da tsumma, Baba kuwa yana tsaye a kanta kamar mai gadin jariri.

"A hankali mana! Fentin kamfani ne, ba a taɓa sake shi ba!"

"To, Baba," ta ce, ba tare da ta ɗago ba.

Tsohuwar jif ce ruwan ƙasa, mai dogayen ƙafafu, irin wadda aka ƙera don dutse da laka. Amma tun da Baba ya saye ta, kafin a haifi Auta, rabonta da ganin laka sai dai ta ƙofar gareji. Kujerunta na cikin ledarsu, mitar tafiyarta kuma da ƙyar ta motsa. Wannan mita ita ce abin alfaharin Baba. Masu tara tsofaffin motoci sukan zo daga nesa su leƙa ta, su riƙe baki, su roƙe shi ya sayar, shi kuma ya yi dariya ya mayar da tamfol. Amarya yake kiranta. Maƙwabta har tsokana suke, wai amarya ɗaya ce a gidan nan, ita ma ta ƙarfe.

Auta ba ta dariyar wannan magana, don ita ce ake nufi. Tun rasuwar mahaifiyarta, duk wanda ya zo neman aurenta amsa ɗaya yake samu: "Ba yanzu ba. Ajiya biyu gare ni a duniya, kuma ba na ba da aro."

Sai wani bakanike da ake kira Sifana, wanda ke zuwa duk mako ya ɗumama injin ba tare da taya ta juya ba. A nan, cikin ƙarar inji da warin mai, zukatansu suka haɗu.

"Ki ƙara haƙuri," yakan ce mata ƙasa-ƙasa. "Baba yana sona, saura kaɗan."

"Yana son hannunka dai," in ji ta. "Da gaske nake maka, tsufa zan yi a garejin nan!"

Ran nan da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Baba na cikin shan shayi ya dafe ƙirji ya faɗi. Titin unguwa ya zama kogi, babu tasi, babu mai babur. Auta ta kira Sifana tana kuka, ya iso jiƙe sharkaf. Bai tambayi kowa ba, ya cire makulli daga ƙusa, ya yaye tamfol. Amarya ta kutsa cikin ruwa da laka tana gurnani, ta haye inda manyan motoci suka maƙale, ta sauke Baba a ƙofar asibiti da sauran numfashinsa.

Auta ta ɗauka shi ke nan, aure ya tabbata. Kaico!

Ranar da aka sallamo Baba, ko ɗaki bai shiga ba, gareji ya nufa. Ya ga ledar kujera a yage, ya ga ƙujewa a gefen ƙofa, ya sunkuya ya karanta mita. Ya juya ya dubi Sifana, wanda ya rako su daga asibiti.

"Wa ya ba ka izini?"

"Baba, ranka ne fa..." in ji Sifana.

"Ka lalata mini abin da na tsare tsawon rayuwata! Fita! Kada in ƙara ganin ƙafarka a gidan nan, ba wurin motar ba, ba wurin yarinyar ba!"

Auta ta riƙe ƙafafunsa tana roƙo har muryarta ta dushe, amma ya fizge. Ya sa wa gareji kwaɗo, ya rataya makullin a wuyansa.

Shekaru suka yi ta wucewa. Ƙawayenta suka aurar da 'ya'ya, ita tana nan tana miƙa magani da dafa ruwan wanka. Ba ta gudu ba, ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, sai dai dariyarta ta mutu, kuma ta daina duba madubi. Takan hango Sifana daga nesa a bakin shagonsa, ya ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga. Iyakar soyayyar ke nan.

Wata rana wani mai tara motoci da ya daɗe yana naci ya dawo, Baba ya buɗe masa garejin da fahari. Da aka ɗaga tamfol, sai wari ya buge su. Tayoyi sun kwanta, ɓeraye sun cinye wayoyi sun yi sheƙa a kujera, inji ya daskare don babu mai ɗumama shi. Mutumin ya girgiza kai, ya ce, "Allah Ya kyauta," ya kama hanyarsa.

Baba ya zauna a ƙasa. Auta ta sunkuya za ta ɗaga shi, ɗankwalinta ya zame, ya ga furfura a kan autarsa. Ya daɗe yana kallo, hawaye na bin gemunsa.

"Kira mini shi," ya ce.

Sifana ya zo da tabarau a ido da farin gashi a haɓa. Bai yi aure ba. Baba ya ciro makullin daga wuyansa ya damƙa masa, sannan ya kamo hannun Auta ya ɗora a kai.

"Za ta tashi kuwa?" ya tambaya.

Sifana bai dubi motar ba, Auta ya duba.

"Za ta tashi, Baba. Amma ba kamar da ba."

Haƙurin Auta ya biya, sai dai ya biya a makare, kuma babu bakaniken da ke mayar da shekaru baya. Ku iyaye, abin da kuka kulle don tsananin so, a cikin kullen ma tsufa yake yi.