Kukan Famfon Sitiyari

A unguwar Koki akwai wata yarinya gwanar kwaikwayo. Ta iya muryar mai tallan kunu, ta iya tarin Kaka, har kukan akuyar maƙwabta bai tsira ba.

Ana nan sai motar Babanta ta kamu da ciwo. Sitiyari ya yi tauri. Da Baba ya murɗa zai shiga lungu, sai mota ta ce, "Wiiiii!"

Baba ya kai ta Jakara wurin Malam Muttaka bakanike. Malam Muttaka ya kwance tsohon famfon sitiyari, ya ɗaura sabo, ya ja bel, ya zuba mai. Kuka ya ɗauke ɗif.

Washegari Baba ya ɗauko yarinyar za su makaranta. Da suka zo kwana, sai ta duƙa bayan kujera, ta matse hanci. "Wiiiii!"

"Innalillahi!" in ji Baba.

A kwana ta gaba ta ƙara. Dariya kamar ta kashe ta. Amma Baba bai nufi makaranta ba, Jakara ya miƙe.

"Muttaka!" Baba ya daka tsawa. "Tsohon famfo ka wanke ka mayar mini?"

"Haba Alhaji, ni? Sabo fil na sa maka."

"To, ni kurma ne?"

Mutane suka taru. Wani mai mota ya karɓe makullinsa, ya ce shi ya fasa gyaran. Malam Muttaka ya buɗe gaban motar Baba. Ya ɗauki sifana zai sake duba famfon.

Dariyar yarinya ta gudu. Tana tsoron faɗan Baba, amma ta ce a ranta, "Ba za a kira shi macuci saboda ni ba." Ta fito.

"Baba, ni ce."

"Ke, koma mota!"

Ba ta koma ba. Ta tsaya tsakiyar gareji, ta matse hanci. "Wiiiii!"

Kowa ya waiga ya dubi motar. Ashe a kashe take!

Gareji ya kece da dariya, ban da Baba. Ya kama hannun Malam Muttaka. "Na yi gaggawa. Ka yafe mini."

Yarinya ta durƙusa. "Malam, ka yi haƙuri. Wasa na ɗauka."

"Wasan da ya kusa kore mini mutane?" in ji Malam Muttaka. "Ga hukuncinki. Ran Asabar ki zo ki yi wa masu koyon aiki wannan kukan, su san yadda famfo yake yi idan ya lalace."

Mai motar nan ya miƙo makullinsa yana sosa ƙeya.

Ran Asabar ta je, ta yi ta "Wiiiii!" har muryarta ta dushe. Tun daga ranar ta gane cewa wasan da zai ɓata sunan wani ba wasa ba ne. In kuma ka yi kuskure, ka tsaya ka gyara shi da bakinka.