Kwano Mai Jan Fenti

A shekarar da Allah Ya karɓi ran Sarki Osumanu na Layin Kuka, cikin unguwar Maamobi, damina ta yi ƙarfi har babbar kwata ta tumbatsa. Ba a yi sadakar arba'in ba sai da fada ta rabu biyu. Ɗansa Wahab, mai sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai, ya ce rawani nasa ne. Ƙanen marigayi, Alhaji Zakaria, ya ce tun yayansa na raye aka yi masa alkawari. Galadima da Sarkin Samari suka bi Wahab, Liman ya ƙi bin kowa.

Samari suka yi wa gidan Zakaria ƙawanya. Suka toshe famfonsa, suka kafa benci a bakin lungu, aka yi shela kada a sayar wa gidan ko gishiri, kada a gaishe su.

A ƙofar fada kuwa akwai Abiba mai koko. Shekara ashirin tana wurin, marigayi ne ya ba ta, da tukunyar nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ba ruwanta da rawani. Sai dai ta san a gidan da aka tsare akwai Inna Zalia, yayar su Zakaria, tsohuwa mara haƙori, wadda cikinta ba ya karɓar komai sai koko. Kwana uku Abiba tana dama koko, tsohuwar na ranta. Ran na huɗu ta zuba kwano guda, ta bi ta bayan masallaci, ta miƙa ta taga.

Samiratu mai gawayi ta gan ta, washegari ta jefa ƙullin gawayi ta kan katanga. Maƙwabciyarsu Lamisi ta bi da ruwa. Kafin wata ya cika, mata bakwai ne ke ciyar da gidan, har aka soma jin dariyar yara a ciki.

To matan zango kowacce da alamar da take yi wa kwanukanta, don su dawo mata bayan suna ko biki. Ta Abiba ɗigo uku ne na jan fenti a gindi. Abin nan bai taɓa zo mata a rai ba. Ranar da aka naɗa Wahab, samari suka kutsa gidan Zakaria neman tsohon tambari, ba su same shi ba, suka fito da kwano.

Aka gurfanar da Abiba a fada. Galadima ya kifa kwanon a gaban jama'a.

"Maame Abiba, wannan na wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ke kaɗai? Gawayin fa? Faɗi sunayensu, ki riƙe wurinki."

Ta dubi sabon sarki, wanda ya sha kokonta kyauta tun yana yawo ba wando. Ta ce, "Sarki, Inna Zalia ce ta goye ka. Koko ne kawai, ko sukari babu koraa, ko ɗigo."

Sarki ya gyara amawali, bai dube ta ba. Sarkin Samari ya ce, "Suna muke tambaya, Maame, ba tarihi ba."

"Kwanona na sani. Ban san gawayin kowa ba."

Kafin la'asar an ɗauke teburinta.

Da babbar Salla ta zo, Inna Zalia ta sa aka ɗauke ta a kujera har zauren fada, ta ce ba za ta tashi ba sai ɗa da baffansa sun yi musabaha. Suka yi. Aka yanka rago, aka ba Zakaria sarautar Waziri. Abin da ake faɗa a fada har yau shi ne hikimar dattawa ta kashe wutar. Ba a tambayar abin da ya riƙe ran tsohuwar wata biyu.

Manya sukan shirya, su yafe wa juna tun rawani bai yi datti ba. Hukuncin da suka yanke wa ƙarami cikin fushi kuwa, ba mai tunawa ya janye shi. Ƙofar fada yanzu ƙanwar matar Galadima ce ke suya a wurin. Abiba tana tashar Tudu, tana bin motoci da tukunya a ka. Idan ta ga ɗan dako zaune bai karya ba, takan zuba masa, sai dai a leda. Ta daina ba da kwano.