Lissafi a Takardar Burodi

Osvaldo Berríos macuci ne, shi ma ya sani. Ya sa kwat ya fesa turare, yana bi gida-gida a Yabucoa yana farauto wa wata kwalejin kuɗi a San Juan 'ya'yan mutane, duk kan da ya kai a ba shi la'ada. Glorimar ce ta kuɓuce masa, ita ma mai burodi ne ya cece ta.

Lokacin ta gama shekara biyu a ƙaramar kwalejin garin, saura ta koma babbar makaranta ta ƙarasa karatun jinya. Wata safiya ta baje takardunta a teburin gidan burodi. Heriberto, saurayin da ke sayar da burodin, ya ajiye mata kofi, ya kafe yana kallonta.

"Kofi na saya, bawan Allah, ban sayi kallo ba."

"Kallon gyara ne, Nena," in ji shi, wato 'yammata da yarensu.

Ta yi dariya har ta ƙware. Tun daga ranar ba ta ƙara karyawa a gida ba.

Amma mahaifiyarta, Doña Carmín, ba ta son zancensa. In ya shigo ya rusuna ya ce, "A sa min albarka, Doña," wato uwargida, yadda kowane ɗan mutunci ke yi, sai ta ci gaba da suyar ayabarta kamar bango ya yi magana.

"Me za ki yi da mai gari a gira?" in ji ta. "Ga Osvaldo nan, mai mota, kuma na ga irin kallon da yake miki."

Osvaldo ya riga ya karɓi dala ɗari huɗu a hannun uwar, wai kuɗin kama gurbi. Saura bashin karatu na dala dubu talatin da takwas, wanda Doña Carmín za ta sa hannu ta tsaya wa 'yarta, ita da ba ta da komai sai gidan da mijinta ya bari. Ya rantse duk darussan da Glorimar ta ci za a lissafa mata su. Da baki ya faɗa.

Da Glorimar ta ba Heriberto labari, sai ya yago takardar naɗe burodi, ya yi ta haɗa kuɗin ruwa da fensir.

"Shekara goma sha biyar za ki yi kina biya. Kada ki sa hannu sai sun rubuta miki darussa nawa za su karɓa, da hatimi."

"Kishi ne kawai! So kake in dawwama a garin nan ina kallonka kana murza ƙullu."

Ta fice. Kwana uku tana shan kofin uwarta tana yamutsa fuska. A rana ta huɗu saƙonsa ya shigo:

"Nena, San Juan awa ɗaya ce daga nan. Jami'ar gwamnati a Mayagüez awa uku ce, kuma ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Can nake so ki je. Gara ki yi min nisa da ki zauna kusa da ni da igiya a wuya. Ni ma na taɓa sa wa Osvaldo hannu. Rabin darussana suka zubar, kuɗi suka ƙare, na dawo. Har yau ina biya."

Ta karanta sau uku, ta rubuta: "Mai burodina, me ya hana ka faɗa min?"

"Kunya."

"Wawana. Ajiye min mai zafi, ga ni nan."

Washegari ta nemi takardar a hannun Osvaldo. Yau gobe, yau gobe. Ta hau mota da kanta ta je ofishin kwalejin. Cikin darussa ashirin, tara za su karɓa! Mayagüez kuwa sha takwas suka karɓa, a rubuce, bashin da za ta ci ɗan kaɗan ne, ba ruwan gidan uwarta.

Da Osvaldo ya dawo da bironsa, Doña Carmín ta tare shi a ƙofa da ludayi.

"Gidan marigayi za ka cinye min, ɗan iska? Fita!"

Shekara biyu Heriberto na tuƙa tsohuwar motarsa zuwa wurinta a Mayagüez duk Lahadi, awa uku zuwa awa uku dawowa, burodi a kujerar gaba. Ran da Glorimar ta karɓi shaidar kammala karatunta, takardar burodin nan tana ninke a aljihunta.

Aka ɗaura aure a cocin gari, aka gasa nama, aka yi rawa har tsofaffi suka cire takalma. Ango ya je gaban surukarsa ya rusuna.

"A sa min albarka, Doña."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Doña ta ci gidanku. Mami za ka ce." Ta dafa kansa. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana."

Amin, Allah ya bar su tare.

Shi kuwa Osvaldo, an ce yanzu wasu garuruwan yake zagawa da turarensa. Dala ɗari huɗun Doña Carmín suna hannunsa. Ango yana biyan karatun da bai samu ba, ga wasu yara goma sha ɗaya a garin nan da suka sa hannu. Duk wanda ya san inda yake ya gaya masa: ya zo gidan burodi, gaban iyayen yaran nan, ya amsa da bakin da ya rantse da shi.