Mai Riƙe da Fitila a Cikin Madubi

Amarya na tsaye tana yi wa mijinta guga, wayarta ta sake ƙara. Ba ta ɗaga ba. Kwana huɗu ke nan da fitowar fim ɗinsa, kuma duk kiran da ya shigo sai gabanta ya faɗi.

Fim ne a kan wata mai dogon buri da ta ci amanar mijinta da wani attajiri, sa'a ta yi ta rufa mata asiri. Ya karɓu ƙwarai. Sai dai Darakta, kamar yadda kowa ke kiran mijin, bai samu gidan da zai yi ɗauka ba, don haka a ɗakin aurensu ya ɗauki wurin cin amanar. Gadonta ne, labulenta ne, har mayafinta ruwan goro ta ara wa jarumar, wadda ta juya wa kyamara baya daga farko har ƙarshe. Bakin mutane kuwa ba ya hutu. Wai matarsa ya kama tana cin amanarsa, baƙin ciki ya sa ya mayar da abin fim.

"Don Allah ka fito ka ƙaryata," ta ce wa mijin. "Jiya ina shiga shagon kitso aka yi tsit. Tsoro nake ji, wallahi."

"Furodusa ya ce mu yi shiru na sati biyu kacal. Surutun nan shi ke sayar da fim ɗin. Sa'a ce ta zo, tirendin muke yi!"

"Da sunana kake tirendin ɗin?"

Sai aka yi sallama. Umma ce, mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa zuwa ba sanarwa ba. Amarya ta durƙusa za ta gaishe ta, ta ɗaga mata hannu.

"Riƙe gaisuwarki. Kai, nemo takarda da biro. Yau za ta bar gidan nan!"

"Umma, wallahi fim ne kawai, jarumar ce..."

"Jarumar ce ta zo da mayafin da na saya wa matarka da hannuna? Kwana huɗu ana yawo da mu kana shiru. Namijin da aka yi wa matarsa ƙazafi ba ya kwana bai yi magana ba. Shirunka ne ya gaya mini gaskiya."

Amarya ta dafa cikinta na wata uku, wanda ko Umma ba a gaya wa ba tukuna. In ta fita yau, me za a ce da yaron nan gobe? Hawaye suka zubo mata, ta ɗago kai, idonta ya faɗa kan madubin jikin bango.

"Umma, na roƙe ki abu ɗaya. Ki kunna wurin nan na fim ɗin, mu kalla tare."

Umma ta yi tsaki, amma ta ciro waya. Suka kalla har jarumar ta zauna a bakin gado.

"Tsayar da shi nan," in ji Amarya. "Ki jawo madubin da ke cikin hoton kusa."

Wannan ne kuskuren da ya hana Darakta cin abinci ranar da ya gano shi, bayan fim ya riga ya fita. Can a kusurwar madubin ga wata mata tsaye a kan kujera, ta ɗaga fitila da hannu biyu, zufa na bin fuskarta. Fuskar kuwa ba mai musun ta wace ce.

"Mai fitila bai zo ba ranar," in ji Amarya. "Awa shida na riƙe ta."

Umma ta daɗe tana kallo. Sannan ta kamo hannun Amarya ta tayar da ita, ta share mata hawaye da bakin gyalenta.

"Yafe mini, 'yata." Ta juya ga ɗanta, idonta jawur. "Ita ta haska maka, kai ka bar ta a duhu don a tafa maka! Ɗauko kyamararka, ka gaya wa duniya gaskiya yanzu-yanzu."

"Umma, Furodusa..."

"Shi ya haife ka?"

Darakta ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Ya durƙusa gaban matarsa ya nemi gafara, sannan ya kafa kyamara. Umma ta lalubo fitilar a bayan ƙofa.

"Zauna ki huta. Yau ni zan riƙe."

Kasuwar fim ɗin ta ɗan ja baya, aure kuwa ya tsaya da ƙafarsa. Haƙurin da Amarya ta yi a kan kujerar nan shi ya zame mata shaida. Darakta kuma ya koyi cewa mutuncin iyali madara ne, ba a zubar da shi don neman suna, domin in ya zube ba ya kwasuwa.