Ƙuraje Uku a Ƙafar Bong

Ranar da aka rufe makarantar renon yara ta su Tuyen a garin Can Tho saboda cutar hannu, ƙafa da baki, ranar ta fara ganin Khoa. Daga ɗakin gwaje-gwaje ya zo, yana ɗibar yawun yara da tsinken auduga, ita tana riƙe masa su, tana kawar da kai.

"Malama, ke za ki yi kukan ko su?"

Ta yi dariya.

Daga nan saƙonni suka fara. Ya gaya mata ƙwayar cutar tana sauya halitta shekara bayan shekara, aikinsa shi ne ya karanta sauyin, ya gane wane iri ya shigo gari.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta, Inna Sau, ta ce sam. "Mai wuni da cuta a kwalba? Ya kwaso mini ita gida, ga jikata? Ɗan mai gonar mangwaro na nan yana jiranki."

Jikar ita ce Bong, 'yar yayar Tuyen, mai shekara biyu, wadda iyayenta ke aikin masana'anta a birni.

Wata Laraba zazzaɓi ya rufe Bong, ƙuraje uku suka fito mata a tafin ƙafa. Inna Sau ta yi yadda ta gada. Ta rufe tagogi, ta naɗe yarinyar da bargo, ta hana wanka, kada iska ko ruwa su mayar da ƙurajen ciki.

"Uku kacal," in ji ta. "Bara duk jiki suka feso wa 'ya'yan maƙwabta, suka warke."

Amma a barcin rana Bong ta zabura, hannuwanta suka watsu sama. Ta sake. Tuyen ta rubuta wa Khoa:

"Yayana, Bong tana zabura cikin barci. Ƙurajen kaɗan ne. Ina jin tsoro."

Amsa ta zo nan take:

"Ƙanwata, irin na bana ba irin na bara ba ne. Ba ya cika fesowa a fata, ƙwaƙwalwa yake nema. Kada ƙarancin ƙuraje ya ruɗe ku. Ɗauko ta mu kai ta asibiti, ga ni nan tafe."

Inna Sau ta tare ƙofa. "Ki fitar mini da ita cikin iska, a kan babur?"

Tuyen ba ta taɓa ƙetare maganar uwarta ba. Ta durƙusa, Bong na ƙirjinta. "Inna, ki taɓa ƙafarta."

Ƙafar na karkarwa, sanyi ƙalau. Tsohuwar ta matsa gefe.

Kwana biyar Bong ta yi a ɗakin masu tsananin jinya. Likita ya ce cutar ta fara taɓa ƙwaƙwalwa, da an kai yamma da labarin ya sha bamban. Kullum Khoa na bakin ƙofa da kwanon faten shinkafa, Inna Sau ba ta ko kallonsa.

Rana ta shida Bong ta buɗe ido ta nemi ruwa. Inna Sau ta fito, ta tsaya a gaban Khoa.

"Kai, iyayenka ba su san hanyar gidana ba ne?"

Bayan damina iyayensa suka zo da farantan kayan aure rufe da jan ƙyalle. A gaban hotunan kakanni Inna Sau ta haɗa hannun Tuyen da na Khoa.

"Ku tsufa tare. 'Ya'yanku su yi barci lafiya, su tashi lafiya."